Kuɗin Hanya: A Biya, Amma A Ga Aiki A Ƙasa

A watan Fabrairu na 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar kuɗin hanya a kan babban titin da ya tashi daga Keffi ya bi ta Akwanga da Lafiya ya dangana da Makurɗi, mai tsawon kilomita 227. A lokacin an yanka wa ƙaramar mota Naira 500, jif Naira 800, ƙaramar bas Naira 1,000, manyan motoci kuwa Naira 1,600. Hujjar hukuma ita ce an faɗaɗa titin ne da rancen dala miliyan 460 da ɗoriya daga bankin Exim na ƙasar Sin, bashi kuwa ba ya biyan kansa.

Wannan hujja abar karɓa ce, amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun zamanin Turawa fatake sun biya kuɗin ayari, har aka soke shi a 1907 saboda yana daƙile ciniki. Bayan mulkin kai aka kafa ƙofofin karɓar kuɗi a manyan hanyoyi irin na Ikko zuwa Ibadan, jama'a suka yi shekaru suna biya, ramuka kuma suna ƙaruwa. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya ba da umurnin rushe su baki ɗaya, yana mai cewa kuɗin na zurarewa ta wasu aljihuna. To, tunda an dawo da abin da aka rushe, wajibi ne a nuna wa jama'a inda yau ta bambanta da jiya.

Abu na farko shi ne alluna. Direban da ya biya kuɗi yana da haƙƙin a sanar da shi, tun da sauran nisa, cewa ƙofa na gaba da kuma nawa zai biya, domin kada ya taka birki ba shiri alhali tirela na bayansa. Haka nan a mararrabar Akwanga, inda hanyar Jos ta rabu da ta Lafiya, da gangaren duwatsun Nasarawa Eggon da ya ci rayuka da yawa, ya kamata a kafa manyan alluna masu ƙyalli da dare, a kuma riƙa sabunta su. A rubuta su da Turanci da Hausa, a haɗa da zane, gama da yawa daga cikin direbobin da ke ɗauko doya da lemo daga Binuwai ba da Turanci suke aiki ba.

Na biyu, a duba wuraren shiga da fita. Titi mai hannu biyu yana raba gari gida biyu, gona a wancan gefe, gida a wannan. In ba a tanadi mashiga da wurin juyawa kusa da ƙauyuka ba, mutane za su fasa shingen tsakiya ko su bi hannun da ba nasu ba, daga nan kuwa sai haɗari. Kuma ba adalci ba ne a ce manomin da ke ƙetare ƙofa ɗaya kullum don kai kaya kasuwa ya biya daidai da wanda ya taso daga Abuja. A ba mazauna wurin katin rangwame, a sauƙaƙa hanyar samunsa.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne lissafi. Tunda an ce biyan ta na'ura ne ba hannu da hannu ba, babu wuya a san abin da ya shiga. A riƙa buga wa jama'a, duk wata uku, yawan motocin da suka wuce, kuɗin da aka tara, abin da aka rage daga bashin, da abin da aka kashe wajen gyara.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su ne suka fi iya karanta irin wannan lissafi, saboda haka su ya kamata su fara neman a fito da shi. Talaka ba ya ƙin biya muddin ya ga aiki a ƙasa. Allah ya sa masu riƙe da amanar su ji.