Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Wasan Kwamfuta Ya Yi Wa Labarin Zobe Yankan Ƙauna

Gabatarwa

A garuruwan Nguru da Gashuwa, kamar dai sauran garuruwan ƙasar nan, akwai wata makaranta wadda ba ta cikin lissafin ma'aikatar ilimi. Ba ta da manhajar karatu, ba ta da sufeto, amma ɗalibanta ba sa makara, ba sa fashi. Wannan makaranta ita ce gidan gem, wato shagon nan mai benci da akwatunan talabijin biyu ko uku, da janareta yana kuka a bakin ƙofa, inda yaro zai biya 'yan kuɗinsa a miƙa masa hannu ya zauna. Ƙwallon ƙafa ita ce sarauniyar wannan fage, daga ita kuwa sai wasannin sara da suka. Mu ɗaliban harshe da adabi mun zubar da tawada mai yawa a kan littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa, amma gidan gem muna yi masa kallon shiririta wadda ba ta kai a ɗaga mata alƙalami ba. Alhali kuwa labari ake bayarwa a can, kuma duk inda ake ba da labari, nan ne gonar manazarci.

Wannan maƙala za ta ɗauki wasa guda, wato The Return of the King, wanda kamfanin Electronic Arts ya fitar a shekarar 2003, ta ɗora shi bisa ma'aunin da muke auna kowane ƙagaggen labari da shi, wato jigo. Wasan tsoho ne, haka ma na'urar PlayStation 2 da aka fi saninsa a kanta, domin an daina ƙera ta fiye da shekara goma da suka wuce. Sai dai zubinsa bai tsufa ba, shi ne dai ake ta maimaitawa a wasannin da suka biyo baya. Matsayina a kansa a fili yake: ya yi kyau a ido, ya yi daɗi a hannu, amma ya ci amanar labarin da ya haife shi.

Asalin Labarin

J.R.R. Tolkien, shehun malami ne na tsohon harshen Ingilishi a Jami'ar Oxford, shi ne ya rubuta The Lord of the Rings, wanda aka buga cikin juzu'i uku a tsakanin 1954 da 1955. Mutumin ya ga yaƙi da idonsa, domin yana cikin sojan Ingila a gumurzun Somme na ƙasar Faransa a 1916, kuma aminansa na ƙuruciya sun halaka a wannan yaƙi. Jigon littafinsa shi ne haɗarin ƙarfi da mulki. Akwai wani zobe wanda duk wanda ya mallake shi zai mallaki duniya, amma zoben zai cinye zuciyarsa. Saboda haka manyan jarumai da masu hikima suka ƙi karɓarsa, aka ɗora wa wani ɗan tsurut mai suna Frodo nauyin kai shi dutsen wuta ya hallaka shi. A kan hanya ya sami ikon kashe Gollum, wata ƙasƙantacciyar halitta da son zoben ya lalata, amma ya ji tausayinsa ya ƙyale shi. A ƙarshe Frodo kansa ya kasa jefa zoben, kuma ta hannun wannan Gollum da aka yi wa afuwa ne zoben ya faɗa wuta. Wato abin da ya ceci duniya a labarin shi ne jinƙai, takobi kuwa ɗan rakiya ne kawai.

Peter Jackson ya mayar da littafin finafinai uku a 2001 da 2002 da 2003, na ƙarshensu ya lashe kyautar Oscar goma sha ɗaya. Kamfanin wasan kuwa izinin finafinan ya saya, ba na littafin ba, ya kuma saki wasansa a watan Nuwamba na 2003, makonni kaɗan kafin fim ɗin ya fito a Disamba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin al'amarin: an yi wasan ne ya zama sanƙira mai share wa fim fage a kasuwa.

Abin da Ya Cancanci Yabo

Adalci ya wajabta a faɗi alherin abu kafin a faɗi aibinsa. Masu wasan sun gwanance wajen dinke fim da wasa, ta yadda mutum yana kallon hoton fim na gaske, kafin ya ankara hoton ya rikiɗe, takobi ya dawo hannunsa. Sun yi amfani da kiɗan Howard Shore, da muryoyin wasu daga cikin 'yan fim ɗin, irin su Ian McKellen wanda ya fito a matsayin Gandalf. Sun raba tafiyar gida uku, hanyar boka da hanyar sarki da hanyar su Frodo, sannan sun ba mutum biyu damar yin yaƙi kafaɗa da kafaɗa a akwati ɗaya, abin da ya dace da zaman benci na gidan gem. Wannan duk ƙwarewa ce, kuma ita ce ta sa masu sharhi a Turai da Amurka suka yi ta yabon wasan da cewa ya yi kama da fim. To, amma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kama da wane ba ta wane.

Inda Aka Yanka Jigo

Laifi na farko shi ne lissafin kisa. A wannan wasa, kowane rai da ka ɗauke ana ba shi daraja huɗu, daga ba laifi, zuwa da kyau, zuwa madalla, zuwa cikakke. Gwargwadon kyan kisanka, gwargwadon makin da za ka tara, kuma da makin ne za ka sayi sababbin dabarun sara domin ka ƙara kisa. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Labarin da aka gina a kan mutanen da suka ƙi karɓar ƙarfi, an mayar da shi kasuwar sayen ƙarfi. Gandalf, dattijon da aikinsa nasiha ne da ƙarfafa zukata, ya koma mahauci mai sanda. Yaron da ke riƙe da hannu yana aikata ainihin abin da zoben ke so a aikata, kuma na'ura tana yi masa tafi.

Laifi na biyu ya fi na farko muni, domin a ƙarshen labari yake, inda marubuci ke ajiye saƙonsa. A matakin ƙarshe na wasan, an ba ɗan wasa Frodo, an ce ya yi ta dukan Gollum har ya tura shi bakin rami, ya sa shi ya faɗa cikin wuta. Halittar da aka yi ta jin tausayinta tun farkon tafiya ta zama babban dodon da sai an kashe shi za a ce an cinye wasa. Wannan daidai yake da a ɗauki tatsuniyar da Gizo ya tsira da wayo, a ba shi gatari, sannan a ce ai Gizo ne dai, ga ƙafafunsa nan. Idan ɗalibi ya taƙaita littafi a jarrabawa ya juya jigonsa haka, babu malamin da zai ba shi maki.

Laifi na uku ya shafe mu kai tsaye. Cikin rundunar mugu a finafinan akwai mutanen kudu, masu duhun fata, masu naɗi a ka da rufe fuska irin na amawali, suna bisa manya-manyan giwaye. A littafin, lokacin da ɗaya daga cikinsu ya faɗi matacce, abokin tafiyar Frodo ya tsaya yana tunanin sunan mamacin da garinsu, da abin da ya raba shi da gida. A dogon zubin fim na biyu ma an bar wannan tunani, aka sa shi a bakin Faramir. A wasan kuwa, a filin daga na Pelennor, aikinka shi ne ka harbo giwayen da duk wanda ke kansu, ka wuce. Yaron da ya tashi yana ganin kakansa da rawani ran Salla, yana ganin Buzaye da Mangawa da amawali a kasuwar Nguru, shi ne aka ba baka aka nuna masa mai rawani aka ce ga maki.

Ga Masu Cewa Wasa Ne Kawai

Za a sami mai cewa ai wasa ne, kuma wasa ba ya yiwuwa sai da faɗa, tausayi kuwa ba shi da maɓalli a jikin hannu. Wannan hujja ba ta da ƙafa, kuma shaidar tana kan ita wannan na'ura. A wasan Metal Gear Solid 3 na 2004, akwai wurin da ɗan wasa zai ratsa wani kogi, fatalwar kowane mutum da ya kashe tun farkon wasa ta taso masa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yawaita kisa tafiyarsa ta yi tsawo. A Shadow of the Colossus na 2005, kowane ƙaton da ka kayar, kiɗan baƙin ciki ne ke biyo baya, jikin tauraron yana ƙara lalacewa. Daga baya, a 2015, Toby Fox ya fitar da Undertale, wanda ake iya gamawa ba tare da an kashe kowa ba. Ashe dai na'ura tana iya ɗaukar jinƙai idan mai ƙirar ya so. Masu wasan zobe ba su rasa dabara ba, kasuwa suka bi.

Haka nan aron labari ba laifi ba ne, mu ma a kansa adabinmu na zamani ya tsaya. Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rashawa ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Waɗannan sun canza wa labari riga da suna da gari, suka bar masa ransa. Wasan da muke magana a kai ya bar rigar da sunan da garin, ya zare ran.

Ban kuma yarda da masu cewa a rufe gidajen gem a huta ba. Wanda aka kora daga benci zai koma wayar hannu, inda babu idon kowa. Kuma ƙarya ce a ce wasan kwamfuta ne ya haifar da tashin hankalin da Jihar Yobe ta gani, tun daga Kanamma a ƙarshen 2003 har zuwa Buni Yadi a 2014 da Dapchi a 2018. Waɗannan masifu suna da tushensu dabam. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka cire wa mutum suna aka mayar da shi adadi, ita ce ta fi cancanta ta tuhumi duk labarin da ke koya wa 'ya'yanta wannan lissafi, ko da da sunan nishaɗi ne. Manoma da masunta na fadamar Haɗejiya da Nguru sun san kacalla: daga nesa koriya shar kamar shinkafa, amma ita ce ke toshe hanyar ruwa. Ba a maganinta da zagi, sai an shiga ruwa an san saiwarta.

Naɗewa

Saura aikin da ya rage, kuma namu ne. Tolkien ba injiniya ba ne, malamin harshe ne kamar malamanmu, wanda ya zauna da tsofaffin waƙoƙi da tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai har ya gina duniyar da ake ta cin kasuwarta yau. Mu me muka rasa? Nguru ta kasance mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular. Lawan Babuje ya tara Badawa a bayan ganuwar Gogaram a ƙarni na 19, kuma a yaƙi da Badawa ne Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya gagari Sakkwato, ya gamu da ajalinsa a 1863. Ga Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, wanda ya fita daga yaƙin Nasara ya faɗa duniyar aljannu. Ga Dodo da Auta da 'yan ruwa a bakin kowace tsohuwa. A waɗannan labarai abokin gaba yana da suna da gari da kirari, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya a yau. Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfin baƙar fata, domin a 2016 kamfanin Kiro'o Games na ƙasar Kamaru ya fitar da Aurion, wasan yaƙi da tsafi wanda aka gina a kan al'adun Afirka.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa, da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, da na kwalejojin Gashuwa da Nguru, da su shigar da wasan kwamfuta cikin abin da ake nazari. A tambaye shi jigonsa, a duba zubi da tsarinsa, a tuhumi yadda ya sarrafa taurarinsa, kamar yadda ake yi wa littafi da fim. Mai neman batun kundin digiri ya je gidan gem da littafin rubutu, ya ji kalmomin da yara suka ƙirƙira a can, ya tambaye su wa suke kashewa da kuma dalili. Mai basirar ƙaga labari ya haɗa kai da ɗalibin kimiyyar kwamfuta. Idan har muka ci gaba da ɗaga hanci, to, wasu za su ci gaba da yi wa ƙannenmu tatsuniya da dare, kuma a cikin tatsuniyarsu mai rawani ba shi da suna.