Butar Kakata Da Hatimin Da Ke Gindinta

Yau ba maganar farashin doya ko riɗi na kawo ba, maganar wata tsohuwar buta ce da ta kusa haɗa ni faɗa da baffana.

Bayan rasuwar kakarmu, Allah Ya jiƙanta, da aka zo raba kayan ɗakinta, mata suka yi ta rububin langa da samira da tasoshi. Can ƙarƙashin gado akwai wata buta mai nauyi, launinta ƙasa-ƙasa mai duhu, tana sheƙi kamar tangaran, da zane a cikinta. Ba wanda ya kalle ta sau biyu. Ta koma bayan gida ana ɗibar wa kaji ruwa da ita. Kwanan baya sai ga wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya shigo unguwarmu nan Lafiya, ya gan ta, ya kifa ta, ya daɗe yana duban gindinta, sannan ya ce zai ba da N5,000. Baffa ya ce a sallama. Ni kuwa ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san in mai saye ya taya abin da kaji ke shan ruwa da shi da wannan kuɗi ba tare da an yi ciniki ba, to ya ga abin da ba mu gani ba. Na ce, "Baffa, a yi haƙuri a ba ni kwana biyu."

Da na wanke gindin sai ga ƙananan hatimi guda biyu da aka danna tun yumɓu na ɗanye. Ɗaya ya goge. Ɗayan kuwa rubutun ajami ne, duk wanda ya yi makarantar allo zai haɗa baƙin: Abuja.

To mai karatu, ba Abujar Aso Rock ba. Tsohuwar Abuja ake nufi, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828 cikin ƙasar Gwari, wanda aka mayar da sunansa Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birni. Kakanmu ya yi fatauci ta wannan hanya, ina jin daga can ya yo wa matarsa tsaraba.

Ga abin da na binciko. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, almajirin Bernard Leach wanda ake ɗauka uban maginan tukwane na zamani a ƙasarsu, ya zo Najeriya a 1950 a matsayin jami'in gwamnati mai kula da ginin tukwane. A 1952 aka buɗe makarantar koyon wannan sana'a a Abuja ƙarƙashinsa, ya riƙe ta har 1965. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tulunan wata Bagwariya 'yar Kwali, wato Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta farko. Daga baya wasu mata suka biyo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Wannan ta ƙarshen sunanta ma ya ja hankalina, don Toto ƙaramar hukuma ce a jiharmu ta Nasarawa.

Abin da ya bambanta kayan Abuja da tukunyar da ake sayarwa a kasuwar Alamis shi ne wuta. Tukunyar gargajiya a fili ake toya ta da ciyawa da itace, shi ya sa take tsatsafo, shi ya sa kuma randa ke sanyaya ruwa. Na Abuja a rufaffen tanderu ake toya su, zafin ya haura digiri 1,200, har yumɓun ya koma kamar dutse. Sheƙin nan kuma ba fenti ba ne, haɗi ne na abubuwa irin su tokar itace da garin dutse da ke narkewa a jikin tukunyar. Wani abin dariya, manyan tulunan Ladi masu zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi, da aka toya su haka sai suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa. Sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan kallo, kuma galibin masu sayensu Turawa ne. An baje su a Landan a 1958 da 1959 da 1962.

A nan ne raina ya sosu. In ka duba kundayen masu gwanjo a Ingila, kayan Abuja na nan jere da na Leach da Cardew, cikin rukunin tukwanen maginan Birtaniya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma mai hatimin LK, wato Ladi Kwali, dubban fam ake sayensa. Ban ce ba su da hujja ba. Tanderun da faifan juyin da ilmin sheƙin duk Cardew ya kawo su, a ba shi haƙƙinsa. Amma ƙasar tamu ce, hannayen namu ne, zanen na Gwari ne, hatimin kuma da rubutun da muka koya a allo aka yi shi. Baturen da ke tara waɗannan kaya sai ya buɗe littafi kafin ya gane hatimin da ƙanena ɗan shekara 10 ya karanta a tsaye. Duk da haka shi ya san darajar abin, mu muka ba kaji.

Ni dai a ganina laifin bai tsaya kan rashin sani ba, akwai raini a ciki, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu Hausawan da ke zaune a wannan yanki, tsakanin Eggon da Alago da Gwandara da Mada da Gwari, mun iya sayen doyarsu da gawayinsu, amma kowa ya san yadda ake amfani da kalmar "Bagwari" a bakinmu, ba sai na fassara ba. Kwanon da aka yi a Sin muna jera shi a kabad, abin da maƙwabciya ta gina kuwa sai bayan gida. Alhali matar nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, kuma tun 2007 hotonta ke bayan takardar N20 tana ginin tukunya. Na tambayi yaran shagonmu 4 ko wace ce, ba wanda ya sani. Ni ma wata biyu da suka wuce ban sani ba, kada in yi ta zargin wasu.

Ga wanda ke da irin wannan kaya a gida, buta ce ko faranti ko kofi ko tukunya mai murfi, ya fara kifa ta ya duba gindi ko gefen gindi. Yawanci hatimi biyu ne, na Abuja da ajami, da na wanda ya gina da haruffan boko, kamar LK ko MC na Cardew. A ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, in ba ta tsage ba za ta yi ƙara siririya, ba irin ta tukunyar miya ba. Kada a kankare ta da soson ƙarfe, kada kuma a liƙe ɓallin da ta yi. Sannan a sani hatimin Abuja shi kaɗai ba ya nufin Ladi ce ta gina, magina da yawa sun yi aiki a wurin, kuma abin da ya yi kuɗi ba ya rasa masu jabunsa. Wanda buƙata ta kama shi ya sayar ban ga laifinsa ba, kasuwa muka gada. Abin da nake ƙi shi ne ɗan Bahaushe ya sallama kaya bai san sunan abin da ke hannunsa ba.

Tamu butar ba zan ce ta Ladi ba ce, tunda hatimi na biyu ya goge. Mai sayen ya dawo ya ƙara zuwa N12,000, Baffa ya dube ni, na sunkuyar da kai. Inna ce ta raba gardamar, ta ce kayan surukarta ne, ta ɗauke ta sa a kabad kusa da langunanta. Kaji kuma an sayo musu roba. In akwai mai zuwa Suleja cikin watan nan ya yi mini magana mu tafi tare, ina so in nemi tsofaffin maginan da suka yi zamani da wurin su duba mini ita.