Hotunanmu a Kan Hanya

Lokacin tafiye-tafiye ya sake zagayowa. Waɗansunmu za su gida hutu, waɗansu bikin aure, waɗansu kuwa gaishe da tsofaffi a ƙauye. Da yawa za su riƙe ƙaramar kwamfutar nan ta hannu da ake kira tabulet domin ɗaukar hoto. To, bari mu yi magana a kan yadda hotunan za su dawo gida lafiya.

A dā mai hoto yakan ajiye fim, in hoto ya lalace sai a sake wankewa. Yanzu ba haka ba ne. Hoton da yake cikin tabulet kaɗai, ranar da tabulet ya faɗa ruwa ko aka ɗauke jaka a tasha, ya tafi ke nan. Hoton kaka riƙe da jikanta kuwa ba a sayensa a kasuwa. Saboda haka kowane hoto mai daraja ya kasance a wuri biyu, in da hali uku.

Wuri na fari shi ne ma'ajiyar intanet. Google yana ba kowa gigabayit 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi. Apple kuwa 5 kawai yake bayarwa a iCloud. Har yanzu akwai masu zaton Google Photos ba shi da iyaka. Wannan ya ƙare tun ran 1 ga Yuni, 2021. Gigabayit ɗaya yakan ɗauki hotuna wajen 300, amma bidiyo mai cin wuri ne ƙwarai, minti ɗaya yakan cinye wurin hotuna ashirin ko fiye.

Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe. Galibi an saita na'urar kada ta aika da hoto sai ta sami Wi-Fi. Mutum ya yi mako biyu a ƙauye hankalinsa kwance, alhali ko hoto ɗaya bai tashi ba. Mu duba wannan tun kafin mu bar gida. Abu na biyu ya fi wannan haɗari: idan muka share hoto a cikin Google Photos ko iCloud domin samun wuri, yakan ɓace a ma'ajiyar ma, gama a haɗe suke. Sai dai yakan zauna a kwandon shara aƙalla kwana 30, ana iya dawo da shi. Iyaye masu ba yara tabulet su yi wasa a mota, ku lura da wannan.

A ganinmu, ga matafiyi, wuri na biyu ya fi abin dogara, wato katin memori ko filashi, domin ba ya bukatar sabis ko data. Yawancin tabulet na Android suna da ramin kati. iPad ba shi da shi, sai a haɗa filashi da 'yar igiyar da ta dace. Kowane dare, bayan abinci, a kwafe hotunan ranar a babban fayil mai sunan gari da kwanan wata. Sa'an nan a cire filashin a sa a aljihu. In yana jaka ɗaya da tabulet, ɓarawo ɗaya ya ishe su duka.

Mu yi hankali da kati mai araha fiye da kima. Akwai na jabu masu rubutun gigabayit 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, in ya cika sai hotuna su lalace ba tare da gargaɗi ba. A gwada shi a gida tukuna: a cika shi, a buɗe hotunan a gani.

Waɗansu sukan ce, ai na tura wa ƙanwata ta WhatsApp. Ya fi babu, amma WhatsApp yakan matse hoto, in an zo wanke babba sai ya fito dishi-dishi. Wanda muke so mu rataya a bango, a tura shi a matsayin fayil. Kalmar sirri ta Google ko Apple kuma a rubuta ta a takarda a bar wa maigida ko uwargida, gama in tabulet ya ɓace, da ita za a buɗe ma'ajiyar a sabuwar na'ura.