"Daga Gona Kai Tsaye": To, Wace Gonar?



Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na unguwannin Maiduguri, ko yake leƙa Facebook, ya ga tallan. Hoton tumatir jawur a kwando, tattasai yana sheƙi, a ƙasa an rubuta cewa kaya ne daga gona kai tsaye zuwa ƙofar gidanka, babu dillali, ka tura kuɗi a kawo maka. Wasu ma suna kiran abin nasu kasuwar manoma ta intanet. Koke-koken da suka iso teburin ƙungiya a kan wannan ciniki sun yi yawa, ya kamata mu faɗi matsayarmu a fili.

Ba mu da rigima da sayayya ta waya. Mun san amfaninta. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Monday Market, kuma a daidai lokacin ne ƙarancin takardun naira ya hana mutane taɓa kuɗinsu na banki. 'Yan kasuwa da yawa da wayar hannu suka ci gaba da neman abinci, ana kira ana turo kuɗi ana aika kaya a Keke Napep. Matar da ba ta fita, da tsohon da ƙafa ta gaza, da ma'aikacin da ba ya tashi aiki sai la'asar, duk sun samu sauƙi. Wannan alheri ne.

Rigimarmu da kalmomi ne guda biyu: "daga gona" da "babu dillali". A mafi yawan tallan da muke gani, duka biyun ba gaskiya ba ne.

Ku dubi jerin kayan da ake tallatawa. Ga tumatir, ga albasa, ga dankalin Turawa, ga doya, ga kifi banda, duk daga "gonarmu". Wace gona ce a Jere take fitar da dankalin Jos da doyar Binuwai a kunya ɗaya? Wane lambu ne yake tsirar da tarwaɗar Tafkin Chadi? Kowa ya san banda daga kasuwar kifi ta Baga Road take fitowa. Tumatir kuma yana da lokacinsa. Kayan rani ne, yana cika kasuwa daga sanyi zuwa farkon zafi, da damina ya yi wuya ya yi tsada. Wanda ya ce maka yana da tumatirin Alau sabon tsinka wata goma sha biyu a shekara, ko dai bai taɓa zuwa Alau ba, ko yana ganin kai ne ba ka taɓa zuwa ba.

Abin da ke faruwa a zahiri ba ɓoyayye ba ne. Mai talla ya karɓi kuɗinka da dare. Da asuba ya shiga Kasuwar Gamboru, ya sara a hannun dillalin nan da ya ce ya kore, ya sake zubawa a leda mai tambari, ya ɗora ribarsa, ya ɗora kuɗin keke. Wata 'yar ƙungiyarmu ta kawo mana ƙarar irin wannan: ta biya kuɗin "ƙaramin kwando", aka kawo mata abin da bai cika rabin bokitin fenti ba, na sama masu kyau, na ƙasa sun fara ruwa. Da ta yi magana aka cire ta daga zauren. Ba a rage dillali ko ɗaya a wannan cinikin ba, an ƙara guda ne, kuma wanda aka ƙara ba shi da rumfa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Saye da sayarwa halak ne. Yaron da ya gama makaranta bai samu aiki ba, ya ce zai yi maka cefane ka biya shi ladan wahalarsa, Allah Ya yi masa albarka. Ya faɗi hakan kawai. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne cin riba da sunan manomi, domin a garin nan sunan manomi da jini aka saye shi.

Ba mu manta da ranar 28 ga Nuwamban 2020 ba, ranar da aka yi wa masu girbin shinkafa yankan rago a gonakin Koshebe. Gawa 43 aka sallata a Zabarmari washegari, cikinsu har da 'yan ci-rani da suka taso tun daga jihar Sakkwato neman na tuwo. Allah Ya jiƙansu. Har gobe manomin da ke fita wajen gari yana lissafin lokacin da jami'an tsaro za su bar shi ya fita da lokacin da dole ya dawo, wani wurin sai da rakiyar 'yan Agro Rangers. Sannan a ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, irin abin da ba a gani ba tun 1994. Mu a cikin gari mun ga ruwa a Gwange, a fadar Shehu, a Monday Market, a asibitin koyarwa. Su kuma masu lambu sun yi asara biyu: ruwan ya share shukar damina, sannan suka shiga rani babu tafkin da suka saba ja da inji. Mutumin da ya sha wannan duka shi ne ake ɗaukar hoton gonar wani daga intanet a ce tasa ce, a karɓi ƙarin kuɗi a hannun masu tausayi da ke ganin suna taimakonsa, shi kuwa ko sisi bai ƙaru a farashin kwandonsa ba.

Yanzu ga batun dillali, wanda ya zama abin zagi a bakin duk mai sabuwar waya. Mun san halin wasunsu. Akwai mai cin la'ada baki biyu, akwai mai tilasta wa manomi cika buhu har sai an ɗinka masa hula, akwai mai karya farashi da yamma don ya san mai kaya ba zai kwana da tumatir ba. Ba mu wanke su ba. Amma a tambayi mai lambu wa ya ba shi bashin iri da taki da man inji tun kafin ya ga fure. Wa ke tura akori-kura da duku-duku ta bi shingayen bincike ta kwaso kaya? Wa ke saye duka, da mai kyau da mai tabo, ya biya nan take? Kayan gwari ba sa jira. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma mu da muka ga yadda aka datse mana wutar lantarki a Janairun 2021 bayan an fasa turakun hanyar Damaturu, mun san babu wani ɗakin sanyi da za a dogara da shi. Tumatirin da bai fita yau ba, jibi sai dai a yanka a shanya kauɗa. Wannan asarar wani ne ke ɗaukarta, kuma ba mai shafin Facebook ba ne.

Waɗanda suka gwada abin da gaske sun gane haka. A Kenya, kamfanin Twiga Foods ya fara a 2014 da niyyar haɗa manoma da masu sayar da kayan miya a Nairobi ta hanyar waya. Sai da ya tanadi motoci da manyan rumbuna da ma'aikata masu tantance kaya, wato ya zama babban dillali da kansa. A 2021 ya samu jarin dala miliyan 50, amma duk da haka a 2023 ya sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa. In mai wannan jari ya ji jiki, yaya wanda jarinsa data ce da kyamarar waya zai ce ya kawar da dillali? Mu nan ma lissafin ya fi tsauri. Tun Yulin 2011 aka hana babur a Maiduguri, don haka kai kaya gida-gida sai da keke, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da mai keke yake nema daga Custom zuwa Bulumkutu. Kuɗin nan a cikin farashin alayyahunka yake.

Akwai kuma abin da muke asara wanda ba ya fitowa a hoto. A kasuwa kana taɓawa, kana juya kwando ka ga ƙasansa, ka taya a ce albarka, ka ƙara, a sallama, a yi maka gyara. Mai kayan miyan da ya san ka yana ba ka bashi har albashi ya shigo. In aka cuce ka, akwai shugabannin kasuwa, akwai rumfar da za ka koma gobe ka same shi. A zauren waya kuwa cinikin biri a sama ne. Mudu mun sani, tiya mun sani, amma "babban kunshi" da "ƙaramin kunshi" awon wane gari ne? Wasu suna rubuta kilo, alhali ba wanda ya ga sikelin.

Sannan mu tuna da matan da ke kasa yakuwa da kuɓewa kashi-kashi a bakin titi da ƙofar kasuwanni, da yawansu waɗanda rikici ya koro daga Bama, Marte, Kukawa da sauran garuruwa, suna riƙe da marayu da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Duk ledar da aka kawo maka da tambari, cinikinsu ne ya ragu. In da kuɗin yana komawa ga manomi ne da sai mu ce an rage wa wani an ƙara wa wani mabuƙaci. Ba can yake zuwa ba.

Saboda haka daga yau, duk mai son sa tallan kayan gona a shafin ƙungiya, in ya rubuta "daga gona" sai ya faɗi garin da gonar take da lokacin da aka tsinko kayan. Sai ya faɗi awo da abin da kowa ya sani, mudu ko bokiti ko kwando, kuma ya yarda a biya bayan an ga kaya, ba kafin ba. Wanda sari yake yi a kasuwa ya rubuta cewa cefane yake yi wa mutane, za mu sa masa tallan da hannu bibbiyu, har mu ma mu saya. 'Yan uwa kuma muna roƙonku, kada ku tura kuɗi ga lambar da ba ku san fuskar mai ita ba don kawai hoton ya yi kyau.

Muna da 'yan ƙungiya da ke noma da kansu a Zabarmari da Gongulong da gefen Alau. Su muke so mu ji daga bakinsu a zama na gaba: in gidaje goma ko ashirin na unguwa ɗaya suka haɗa kuɗi suka sayi kwando biyar a wuri guda, mota ɗaya ta kawo, a raba a gaban kowa, nawa zai rage musu a hannu fiye da abin da suke samu a Gamboru? In lissafin ya fita, mu gwada da rani mai zuwa. In bai fita ba, su faɗa mana gaskiya mu bar shi.

Masu cewa gonar tasu ce kuma, ƙofa a buɗe take. Ku zaɓi ranar, ƙungiya za ta ba da mutum biyu su bi ku su gano ta. Kuɗin motar a kanmu.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya