Kashi Na Biyu Bashi Ne: Darasin eFootball Ga Marubuci

A wannan makon daga gidan gem zan ɗauko zancen, ku yi haƙuri ku biyo ni, a kan alƙalami za mu sauka.

Duk wanda ya tashi a Hotoro ya san yadda gidan gem yake cika bayan sallar isha'i. Samarin da suka taso daga aiki a kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai sukan zo su huce gajiya a gaban talabijin, janareto na ruri a waje, ana ihun ci. Shekara da shekaru wasan da ya riƙe waɗannan ɗakunan shi ne PES na kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda yayyenmu suka fi sani da Winning Eleven. Har yau akwai masu rantsuwa ba a ƙara yin kamar PES 6 na 2006 ba.

Sai ga ranar 30 ga Satumba, 2021. Konami ya jefar da sunan PES, ya fito da eFootball 2022, kyauta ga mai son saukewa. Na tuna daren da muka taru a gidan gem ɗin layinmu, mai gidan ya ƙona data ya sauke shi, muna ta zumuɗi. Ba a yi wasa uku ba ɗakin ya yi tsit. Fuskar Messi da ta Ronaldo sun koma abin dariya, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya kamar an ɗaure su. Ƙungiyoyi tara kacal za ka iya zaɓa. Master League, inda mutum yake ɗaukar ƙaramar ƙungiya ya raine ta kaka bayan kaka, babu shi sam. A kasuwar wasanni ta Steam ya shiga sahun waɗanda aka fi kushewa a tarihinta. Washegari kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin babban gyara a watan Nuwamba, ya sake ɗagawa, bai iso ba sai Afrilun 2022. Mai gidan gem ɗinmu kuwa tun a daren ya mayar da PES 2021, don shi da kuɗin mutane yake cin abinci.

Ra'ayina shi ne masoyan nan suna da gaskiya da suka yi fushi, kuma fushinsu ya shafe mu. Da a ce sabon kamfani ne ya fito da wasa mara kyau, da kowa ya yi tsaki ya wuce. Abin da ya ƙona rai shi ne an karɓi amanar da aka shekara sama da 20 ana tarawa, aka liƙa ta a kan aikin da bai nuna ba.

Mu ma haka muke yi. Marubuci ya saki littafi na ɗaya a Wattpad ko a zauren WhatsApp, ya zauna ya tace shi wata shida, ya karɓu. Masu karatu suka fara kiran a ci gaba, wasu ma suka tura kuɗin littafi na biyu tun kafin a rubuta shi. Daga nan sai gaggawa ta shigo: ana rubuta shafi da dare a sake shi da safe, ba bita. Jarumar da aka so saboda haƙurinta da kaifin hankalinta ta wayi gari tana zage-zage ba dalili. Wanda aka binne a babi na 30 ya dawo, don kawai labari ya ƙi ƙarewa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski; wanda ya biya kashi na biyu yana binka bashin abin da ya sa ya so na farko.

Na san abin da wasu za su ce: ai mai karatu ba ya son canji, in ka biye masa littafi ɗaya za ka yi ta maimaitawa har ka tsufa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Shi ma Konami yana da hujjar sauya injin da ake gina wasan a kai zuwa Unreal Engine, don tsohon ya tsufa, kuma yana son wasan ya yi aiki har a waya. Sabuntawar ba laifi ba ce. Laifin biyu ne: sakin aiki ɗanye, da cire abin da shi ne ran wasan. Ku duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Littafi uku ne, kowanne da nasa labaran da nasa yanayin, amma aku yana nan, hikimarsa tana nan, shi ya sa mai karatu bai taɓa jin an yaudare shi ba.

Saboda haka kafin ka ɗora alƙalami a kashi na biyu, ka tambayi masu karatunka biyar abin da ya riƙe su a na farko, ka rubuta amsar ka liƙa a gabanka. Duk abin da za ka canza, kada ka taɓa wannan sai da dalilin da labarin kansa ya haifar. Kada ka karɓi kuɗin littafin da ba ka kai ƙarshen daftarinsa ba. In aiki bai nuna ba, ka fito ka ce a ƙara maka wata guda. Za a yi ƙorafi na kwana biyu a manta. Mummunan kashi na biyu kuwa har na farkon yake shafa wa baƙin jini, domin mai karatu ba zai ƙara ba wa ƙawarsa shawarar ta fara labarin da ya san ƙarshensa zai ɓata mata rai ba.

eFootball ya gyaru daga baya, yau samari da yawa a Hotoro a waya suke buga shi. Amma Konami yana da kuɗin da zai jira a yafe masa. Ni da kai sunanmu ne kaɗai jarinmu.

Wane littafi ne kashi na biyunsa ya ba ku kunya, kuma me aka cire daga cikinsa? A faɗi laifin aikin, a bar sunan marubucin. Allah ya ƙara mana basira.