Ke Da Kike Jin Kunyar Majanyi

'Yar'uwa, mun ga hotonki a Instagram: jariri a keken turawa, ke kuma kin sha gayu. Ya yi kyau, wallahi. To amma gwada tura keken nan daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa, tsakanin 'yan Keke Napep, rairayi da lambatu, ki ga yadda za ku ƙare.

Abin dariya, goyon da wasunku ke kira ƙauyanci, zaninsa matan Amurka da Ingila ke saya da tsada. Asibiti ma ya yarda da ɗumin jikin uwa. Tun 1978 likitocin Bogota a Kolombiya suka fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa saboda ƙarancin kwalbar jarirai, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da wannan shawarar.

Sai dai goyo ma yana da ƙa'ida, kuma nan muke sakaci. A zafin Afrilun Katsina, kar ki lulluɓe kan yaro da ƙaton hijabi ki haye babur. Tallafe wuyansa, bar hancinsa a sarari, ja majanyi ya zauna daram. In hannunki bai faɗa ba tukuna, je wajen Hajiya ta nuna miki.