Kafin a kira baƙi kallon namun daji, a fara tsare mai gona da masunci

Duk lokacin da aka yi zancen yawon kallon giwaye, hankalin matasa kan tafi Kenya ko Tanzaniya. Sai dai misalin da ya fi dacewa da jihar Diffa yana nan kusa, a maƙwabciyarta Chadi, wato gandun dajin Zakuma da aka kafa a 1963.

A shekarar 2002 gandun na da giwaye sama da 4,000. Zuwa 2010 mafarauta masu neman haure, waɗanda ke shigowa bisa dawaki ɗauke da bindigogi, sun rage su zuwa kusan 450. A wannan shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa kula da dajin ga ƙungiyar African Parks. Aikin ya ci rayuka, domin a 2012 an kashe masu gadin daji shida. Duk da haka giwayen sun koma haihuwa, yau sun haura 500, baƙi kuma na biyan kuɗi su zo kallonsu.

Ba bindiga kaɗai ce ta kawo wannan sauyi ba. An raba wa ƙauyukan da ke kewaye na'urorin oba-oba domin su sanar da zuwan mahara, aka ɗauki 'ya'yansu aiki, aka gina makarantu, aka kuma ware masauki inda 'yan ƙasa ke sauka su ga dabbobin ƙasarsu. Da talaka ya ga cewa tsaron giwa tsaronsa ne, sai ya zama idon daji.

Nijar ta ɗanɗana akasin haka. Gandun W, wanda UNESCO ta saka cikin kayan tarihi na duniya a 1996, shi ne gidan giwayen ƙasar, amma 'yan bindiga sun kori masu yawon buɗe ido daga cikinsa. A Kure, harin ranar 9 ga Agustan 2020 da ya hallaka mutum takwas, shida Faransawa biyu 'yan Nijar, ya durƙusar da sana'ar masu yi wa baƙi jagora zuwa wurin raƙuman dawa.

Diffa ba ta da gandun giwaye, amma ba ta rasa abin nunawa ba. Akwai kogin Komadugu da tsuntsayen da ke sauka a fadamunsa, akwai shanun Kuri masu manyan ƙahoni a bakin tafkin Chadi, ga kuma gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, mafakar ƙarshe ta addax, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. Wani ƙidaya da aka yi a 2016 guda uku kacal ya gano, a yankin da aikin man Agadem ya cika da motoci.

Wasu za su ce wannan zancen masu ƙoshi ne, kuma suna da hujja. Mutanen Barwa sun bar garinsu a 2015 saboda Boko Haram, sai a watan Yunin 2021 suka fara komawa, sannan a watan Agusta aka kai harin da ya kashe sojoji 16 a garin. Dokar ta-ɓaci ta daɗe tana takura kamun kifi da cinikin tattasai. Wanda bai iya zuwa gonarsa ba, ba za a yi masa zancen baƙi masu kyamara ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma dabbar da ta ƙare ba ta dawowa ranar da aka ajiye makamai. Ya kamata hukumomi su ɗauki matasan Bosso, Gigime da Maine Soroa aikin gadin daji da fadama, da albashi da na'urar sadarwar da za ta amfani ƙauye baki ɗaya, su kuma tilasta wa kamfanonin mai biyan wani kaso na kuɗin. 'Yan Diffa mazauna waje za su iya ɗaukar nauyin kai ɗalibai su ga kogin nasu da tsuntsayensa a inda tsaro ya samu. Baƙon farko da ya kamata a tanada wa masauki shi ne ɗan gida.